Keken da Aka Cire wa Ƙararrawa

Lahadi, bayan la'asar

Shekarar da aka canja hannu, aka ce motoci su koma bin dama, a ita na sayi kekena. Ba zan manta ba, don ranar da na hawo shi daga Ɗanbatta hagu na bi, kamar yadda ubana yake bi da jakinsa, wani direban babbar mota ya leƙo ya zage ni tas. Mati yana nan. Yana kan kariya a bayana, ya ƙanƙame ni yana ta salati, don a lokacin ko feda bai iya takawa ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Tun daga shekarar nan, duk wanda aka haifa ko ya rasu a garinmu, ni Ɗan Iya nake kai labari ƙauyukan kewaye. Na san wadda aka kai aure ina, na san wa ya haifi wa. Kuma kowa a ƙasar nan ya san ƙa'idar. In na shigo unguwa ina kaɗa ƙararrawa, haihuwa ce, mata su fara guɗa tun ban sauka ba. In na sauka daga nesa na turo keken shiru, maza su fito da tabarmi. Ba ni na ƙago ta ba, gadonta na yi wurin Malam Basiru mai keken farko, Allah ya jiƙansa.

Yau a kasuwar Ɗanbatta na ga an manna fosta a jikin rumfar masu faci. Wai wasu samarin Kano za su hau keke su bi Gezawa, Gumel, Daura, Kazaure, su dawo ta nan, ana tara musu taimako a hanya don a gina wurin kwana da koyon sana'a ga samarin da ke kwana a ƙarƙashin gada da cikin tasha. A zamaninmu in ka hau keke zuwa Daura gyaɗa ka kai. Yanzu hawan ne kansa ake yi wa tukwici.

Daren ƙarshe a garinmu za su yi. Kuma an zaɓi dattijon da zai tare su ya shigo da su gari a kan keke.

Mati aka zaɓa.

Akwai hotunan wasu yara a gefen fostar. Ban tsaya dubawa ba, ina sauri.

Litinin, da hantsi

Ni ba ruwana. Gero na jiran yanka.

Laraba, bayan azahar

Shugaban tafiyar ya zo gaishe da Dagaci. Tajuddeen sunansa, dogo, da agogo mai magana, yana barbaɗa Turanci a zancensa kamar gishiri. Daga fada gidan Mati ya zarce. Ya kai masa riga ruwan ɗorawa da hular kwano da aron sabon keke mai giya. Ina zaune a ƙofar gidana, katangarmu ɗaya, ba leƙe na yi ba.

Da zai wuce ya tsuguna ya gaishe ni.

"Baba, kai ne Malam Ɗan Iya?"

Na ce, "Haka ake cewa."

"Naziru ya ba ni labarinka. Ya ce duk Kano babu mai faci irin naka."

Na ce, "Nazirai suna da yawa, yaro."

Ya yi murmushi ya ce, "Wanda yake cikinmu. Shi ne makanikinmu yanzu, kekuna duka a hannunsa suke. A tashar mota muka same shi bara." Ya dube ni, ni kuma na dubi akuya. Sai ya ce, "Za mu rarraba yaran gida-gida su kwana. Shi ya ce gidan Baba Mati, tunda nan ne aka ce ya zo."

Na ce Allah ya ba da sa'a. Ya tashi.

Nan ne aka ce ya zo. Wato akwai mai cewa.

Mati kakan yaron ne ta wajen uwa, ban musa ba. 'Yarsa Aina'u ce ta haife shi. Amma da ɗana ya rasu, ta yi wani auren aka tafi da ita, a gidan wa aka bar yaron? Wa ya ɗaure shi da rawani a kan kariya don kada ya zame? Wa ya koya masa ya tofa yawu a bakin tif ya ga ko iska na fita?

Alhamis, bayan asuba

Hure matata ta share ɗakin soro. Na tambaye ta baƙo za mu yi? Ta ce gizo-gizo ne suka yi yawa.

Asabar, da yamma

Mati ya faɗa gonar wake da keken aro. Da rigar, da hular. Yara suka ɗago shi, ganyen wake a gemunsa. Na daɗe ban yi dariya irin ta yau ba, har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Bayan la'asar ya turo keken ƙofata yana ɗingishi.

"Ɗan Iya, sirdin nan ya yi mini tsawo."

"Ƙafarka ce ta yi gajarta. Tun muna yara haka take."

"Ka rage mini, ka bar surutu."

"Ka kai wa masu riga. Su da suka zaɓe ka ba su auna ka ba?"

Ya zauna a kan dakalina ba a ce ya zauna ba. Na ɗauko sifana na rage masa, don kada a ce garinmu ya tura gurgu tarbar baƙi. Yana kallon kekena a jingine.

Ya ce, "Damina uku ke nan ka hana shi magana."

Na ce, "Ƙararrawar ce ta yi tsatsa."

Ya ce, "Ita ko kai?"

Na miƙa masa kekensa na ce magariba ta kusa.

Ban tambaye shi yadda aka yi ya san inda yaron yake ba. Ba zan tambaya ba.

Lahadi, da hantsi

Ban je kasuwa ba. Babu abin da zan saya.

Talata, bayan azahar

An haihu a gidan Kamaruddeen, namiji. Na ji tun da safe, na fito da keke ina ba shi iska, don dangin matar suna can gabas da Rijiyar Dinya, ni na san hanyar da ba ta da laka. Kafin in gama taya ta biyu uban jaririn ya zo wucewa ya ce, "Baba, huta, an buga musu waya, har sun taho."

Na ƙarasa ba tayar iska. Na mayar da shi ɗaki.

Hure ta ce ko da na je, da me zan yi albishir ɗin? Da baki, na ce. Damina uku da baki nake yi, ba wanda ya mutu don haka.

Laraba, bayan magariba

Dagaci ya sa an yi shela, kowane gida ya ba da abin da ya sawwaƙa na gero don 'yan keke. Mati ya kai dami biyu, ya sa a kan keken aro, ya bi ta ƙofar masallaci lokacin da ake fitowa. Hanyar fada ba ta nan take ba.

Na kai uku. Ba don kowa ba.

Juma'a, bayan an sauko

Sun tashi daga Kano yau. A rediyo aka faɗa.

Na gano wani abu. Ina neman almakashi a ɗakin Hure na ga ƙullin ƙuliƙuli da yajin daddawa a leda, an ɗaure da irin ɗaurin da ake yi wa matafiyi. Na ce na wa? Ta ce na Mati. Na ce Mati mai haƙori huɗu?

Ta ajiye tsintsiya ta ce, "To Malam, na mijina ne."

Haka take kiran yaron tun yana rarrafe, mijina, angona, wai ni na tsufa ta sake ni ta koma wurinsa. Shi kuma ya riƙa ce mini, "Tsoho, ka bar mini matata." Wasa ne na jika da kaka, kowa na yi. Yau da ta faɗa ba ta yi dariya ba.

Ashe tun bara Mati yana shiga mota ya je Kano. Ashe duk zuwan da yake cewa na asibitin ido ne, wurin yaron yake zuwa. Ashe ita take ɗaura masa ƙullin. Katanga ɗaya tsakaninmu, ana miƙa kaya ta kanta, ni ina zaune a ƙofar gida kamar turmi.

Na ce, "Me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ta ce, "Ka taɓa tambaya?"

Ban ci tuwon dare ba. Ba fushi ba ne, cikina ne.

Asabar, da safe

Ni ba ruwana.

Litinin, bayan la'asar

Sun kai Gumel. Mati yana yawo da wayarsa majalisa-majalisa yana nuna hotuna. Ya miƙo mini na ce ba na gani sai da tabarau. Ba ni da tabarau, shi ma ya sani.

Amma na hango yaron. Ya rame. Ya yi tsawo. Yana tsugune gaban wani keke ya kifa shi a kan sirdi, ya shimfiɗa tsumma a ƙasa kafin ya kifa don kada sirdin ya goge. Wannan ba Mati ne ya koya masa ba.

Ana ta ce wa Mati, "Kai, jikanka ya yi abin kirki." Yana ta cewa, "Ai jininmu ne." Jininku. Jinin da ya faɗa gonar wake.

Laraba, da hantsi

Zazzaɓi nake yi ranar da abin ya faru, damina uku ke nan, shi ya sa. Da ƙafata lafiya da ba a kai ga haka ba. Sakina 'yar Hafsatu ta Rijiyar Dinya, wadda aka kawo aure garinmu, ta shiga naƙuda tun dare, da safe Allah ya karɓi abinsa, ita da abin da ke cikinta. Aka zo ƙofata. Na ce yaron ya je. Karon farko ke nan da na ba shi keken shi kaɗai. Na gaya masa ya sauka tun daga bakin rijiya. Na gaya masa.

Akwai gangara kafin unguwar. Akwai yara suna wasa a hanya. Abin da ya ce ke nan daga baya, wai yaran yake kaɗa wa.

Mata sun san 'yarsu na kan gwiwa. Suka ji ƙararrawata.

An ce Hafsatu da taɓarya a hannu ta fito tana rawa.

Abin da na faɗa masa a ƙofar masallaci bayan jana'iza, a gaban mutane na faɗa, kuma kowa ya ji, ba sai na rubuta ba. Na sa filaya na cire ƙararrawar a wurin. Da safe tabarmarsa a naɗe, ya tafi.

Ƙa'ida ce. Tun Malam Basiru ƙararrawar nan ba ta taɓa yin ƙarya ba.

Ban san me ya sa nake wannan zancen ba. Gero ya shiga rumbu, alhamdu lillahi. Gyaɗa ce ta rage.

Alhamis, bayan magariba

An saka su a rediyo daga Daura. Hure ta ajiye rediyon a kan murfin randa, wai nan ya fi kamawa, kusa da inda nake alwala.

Tajuddeen ya yi maganarsa. Sai mai shirin ya ce ga ɗaya daga cikin yaran. Yaron nan ne, muryar ta buɗe, ta zama ta ubansa sak. Ya ce kwali yake shimfiɗawa a ƙarƙashin gada. Ya ce takalminsa yake ɗaurewa a ƙafa da igiya kafin ya yi barci don kada a zare. Ya ce in an yi ruwa a tsaye ake kwana.

Mai shirin ya ce, "To kai ba ka da kowa ne?"

Shiru. Na zaci batir ne.

Ya ce, "Ina da su."

Na kashe rediyon. Hure ta shige ɗaki. Ta bayan katanga ina jin na Mati yana ci gaba, ya ƙure murya, da gangan.

A tsaye ake kwana. Damina uku. Ɗakin soro ko ɗigo ba ya yi, da hannuna na yi masa yaɓe.

Asabar, bayan azahar

Hafsatu ta zo. Da ƙafa daga Rijiyar Dinya, da ƙwaryar kuka da kuɓewa busasshiya a ka, wai gudummawarta ta miyar 'yan keke. Tun ranar nan ban yarda mun haɗu ba. In na hango ta a kasuwa sai in bi layin 'yan tumaki.

Ta tsuguna ta gaishe ni. Na amsa ina kallon ƙasa.

Ta ce, "Malam, an ce yaron nan yana cikinsu."

Na ce haka nake ji a gari.

Ta ce, "Ina so in gan shi. A ce masa ya biyo ta wurina."

Na ce, "Hafsatu, abin da gidana ya yi miki..."

Ta katse ni. Ta ce, "Guɗar da na yi ran nan ita ce ta ƙarshe da na yi wa Sakina. Daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida ina da 'ya, ina da jika. Na sha kuka a kan abin, ba zan ɓoye maka ba. Amma yanzu in na tuna ta, nan nake tsayawa, ba na ƙarasawa waje." Ta gyara lulluɓinta. "Yaro ne, Malam. Ni dai a ce ya biyo."

Ta shiga wurin Hure. Na ji suna magana ƙasa-ƙasa, har da dariya.

Wato har Hafsatu tana da rabonta a cikinsa. Mati yana da waya da riga. Hure tana da ƙuliƙuli. Tajuddeen da bai san sunan uban yaron ba yana cewa "makanikinmu". Kowa ya yanki nasa. Ni da na ɗaure shi da rawanina, ni ne mai ji a gari.

Lahadi, da safe

Sun taso daga Daura. An ce Kazaure za su kwana biyu, akwai taro.

Litinin, bayan la'asar

An share filin makaranta. An kafa rumfa. An kawo manyan tukwane daga gidan Dagaci. Mati ya sa an wanke masa rigar, ya shanya ta a kan katangarmu, ta ɓangarena take ɗiga.

Ya leƙo ta sama ya ce, "Ɗan Iya, gobe da hantsi za su iso. A bakin kwalbati zan tare su."

Na ce, "Ka riƙe birki tun daga nesa. Akwai ruwa a ƙarƙashi."

Ya ce, "Na gyara masa ɗaki. Na sayi sabuwar tabarma."

Na ce, "Madalla."

Ya ƙi sauka. Sai ya ce, "Ya bugo mini jiya."

Na ce, "Ai kullum bugo maka yake."

"Abu ɗaya ya tambaya. Bai tambayi ɗaki ba, bai tambayi tuwo ba. Cewa ya yi, Baba Mati, Tsoho ya mayar da ita?"

Na ce, "Ka ce masa me?"

"Na ce ban sani ba, ba na leƙen gidan mutane."

"Kai? Yanzu a kan me kake tsaye?"

"Turmin matarka," in ji shi, ya sauka.

Tsoho ya ce. Amma a wayar Mati. Tambayar tawa ce, kekena ne, ƙararrawata ce, sai da ta bi ta kunnen Mati kafin ta iso ni. Wannan ba zan yafe wa Mati ba.

Litinin ɗin dai, kafin magariba

Na duba inda na jefa ta, bayan rumbu. Babu. Na tona har da fartanya. Hure tana tsaye tana kallona, ta bar ni na gama haɗa gumi, sannan ta shiga ɗaki ta buɗe kwallarta ta ƙasa, wadda ko ni ba na taɓawa. A cikin tsumma take. Sai ƙamshin man gyaɗa. Babu tsatsa ko ɗigo.

Na ce, "Wa ya ce ki ɗauka?"

Ta ce, "Mijina ne ya bar mini ajiya."

Ƙusar ta ɓata, na samo wata a gwangwani. Da na gama ɗaurawa na ce bari in gwada kaɗan, in ji ko harshen yana nan. Kaɗan na taɓa.

Dakan da ake yi a gidan Kamaruddeen ya tsaya. Wata ta ce, "Wa ya haihu?"

Na rufe ta da tafin hannu.

Na ce wa Hure, "Ƙa'ida ƙa'ida ce, ba a kaɗawa sai labari ya tabbata. In kin ji na shigo da ita, ki zuba ruwan wanka a soro. In kuwa kin ga na turo keken..."

Ta ce, "Kada ka ƙarasa." Can kuma ta ce, "Ni ba zan yi guɗa ba sai na ga wanda ke bayanka."

Ban san abin da zan ce masa ba. Ba na iya irin maganar rediyo. Kuma ban ce ƙa'ida ta canja ba. Wataƙila in ce sarƙata ta saki, ya duba mini tunda an ce makaniki ne. Wataƙila ya wuce ni cikin ayari, da riga da hula irin ta kowa, ya ƙi juyowa. In ya wuce zan bi bayansu. Ƙafata ba ta mutu ba.

Mati zai tsaya a bakin kwalbati da hantsi, da rigarsa, da masu hoto. Ya tsaya. Akwai hanyar da nake bi ta bayan gonakin gyaɗa, tana ɓullawa titin Kazaure can gaba da kwalbati nesa, wurin tsohuwar kuka. Mati bai san ta ba, ranar da na bi da shi idonsa a rufe yake.

Gobe in Allah ya kai mu, ana sallame asuba zan naɗe ƙararrawar da tsumma don kada ta yi magana a gargada, in ba tayoyi iska, in bi ta nan. Zan riga Mati ganinsa.